Ƙaramar giya ta ƙi shiga L4 a tsohuwar Hilux ɗina, ina matsalar take?

Manomin Saminaka:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Bara bayan kaka na sayi tsohuwar Hilux mai shan gas, samfurin LN106, da ita nake kai taki gona kuma nake fito da masara. Duk tsawon rani ban taɓa ƙaramar sandar nan da ke gefen giya, wadda ke sa tayu huɗu su ja, ba, don babu abin da ya kai ni. Shekaranjiya aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da safe na ɗauko buhu goma sha biyu na taki, na shiga wani kwari da ke kafin gonarmu, sai mota ta kafe. Na ja sandar zuwa H4, wato tayu huɗu a babban gudu, ta shiga lafiya lau. Da na nemi L4, wato tayu huɗu a ƙaramin gudu mai ƙarfi, sai ƙara, gurrr, kamar ana niƙa tsakuwa, sandar ta tsaya a N, wato firi, ta ƙi gaba. Na danna da iya ƙarfina har hannuna ya yi tsami, ta ƙi. Ƙarshe sai da muka sauke rabin kaya, shanun huɗa suka ja mu. Wani makanike a gari ya ce sai an sauke akwatin ƙaramar giyar gaba ɗaya an buɗe. Kafin in zuba kuɗin taki a gyaran da ban tabbatar da shi ba, na ce bari in ji ta bakin waɗanda suka riga ni.

Makanike a Panteka:
Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka bari a sauke komai tukuna. Amsa mini tambayoyi uku. Lokacin da ka nemi L4, tayun baya sun tsaya cak ko suna juyawa a cikin taɓo? Ka taka kuloci har ƙasa? Sannan ka gaya mini tsakaninka da Allah, idan za ka sa ribas da safe, tana shiga shiru ko ita ma tana yin wannan ƙarar?

Manomin Saminaka:
Oga, tayu sun tsaya, ƙafata na kan birki. Kuloci na taka har ƙasa. Maganar ribas kuwa, wallahi ta fi wata biyu tana ƙara kafin ta shiga. Na ɗauka tsufa ne.

Makanike a Panteka:
To ai ka ba da amsar da kanka. Kulocinka ne ba ya saki duka. Bari in warware maka. Giyoyin gaba, lamba ɗaya zuwa biyar, kowace tana da zoben tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, shi ya sa ko kuloci na ɗan ja ba za ka ji komai ba. Ribas a wannan giyabos ba ta da wannan zobe. L4 ma ba ta da shi. Haƙori ne tsirara yake shiga cikin haƙori. Da zarar ka fitar da sandar daga H4 ta faɗa N, ɓangaren da ke zuwa daga inji ya rabu da tayu, ba abin da ke riƙe da shi. In kuloci bai saki sosai ba sai ya fara juyawa, ɗaya ɓangaren kuwa yana tsaye. Kai kuma kana tura mai juyawa kan mai tsayuwa. Ƙarar da ka ji ke nan.

Gobe da safe buɗe bonet ka duba ƙaramin kofin man kuloci da ke kusa da na birki. Sannan ka leƙa ƙarƙashi, jikin giyabos, ka ja robar da ke rufe ƙaramin famfon kuloci. In ka ga jiƙa, robar cikinsa ta mutu. Aikin awa ɗaya ne.

Tsohon Direban Gembu:
Ɗana, sannu da wahala. Abin da Oga ya faɗa gaskiya ne, ni dai zan ƙara maka abin da za ka yi in hakan ya sake samunka a daji babu makanike kusa. Kashe injin. In inji ya mutu ba abin da ke juyawa, ko kuloci ya lalace ƙurmus. Sai ka tura sandar a hankali. In ta shiga, ka tayar da mota ka tafi. In ta ƙi, to bakin haƙori ne ya ci karo da bakin haƙori, sai ka saki birki yara su ɗan girgiza motar gaba da baya kana dafe da sandar da yatsu, za ka ji ta zame ta faɗa da kanta. Ba a yi mata ƙarfi. Na ga direban da ya sa bututun ƙarfe a sandar don ya ƙara tsawo, ya lanƙwasa cokalin da ke tura giyar a ciki, motar ta yi wata guda a kan duwatsu ana neman kaya.

Ni da Land Rover na fara, wadda take da sanda mai jan kai da wata mai rawayan kai. Ka danna rawayar, tayu huɗu sun kama. Ka ja jar baya, ka shiga ƙaramin gudu. Maigidana da ya koya mini mota ba ya bari a taɓa jar sai mota ta tsaya cik. A kan haka na tashi, a kan haka na ajiye tuƙi.

Direba daga Gashuwa:
Baba, da girmanka, a nan ne zan ɗan saɓa maka. Tsayawa cik ba dole ba ne. Ni tawa ta fi shiga da sauƙi in tana ɗan mirginawa kamar tafiyar tsoho, na taka kuloci na tura. In ta tsaya cik ne ma take yawan cin karo da haƙori. Kuma mu a rairayi, tsayawa ita ce musiba. Hanyar Yusufari in ka tsaya a inda bai kamata ba, kafin ka tashi taya ta haƙa rami.

Ɗalibin Injiniya, Zariya:
Ina ganin Baba da Yaya duk suna kan hanya. Littafin da Toyota ke haɗowa da waɗannan tsofaffin motoci cewa ya yi a tsayar da mota ko a rage gudu ƙasa da kilomita 8 a awa, a cire ƙafa daga totur, a taka kuloci, sannan a tura zuwa L4. Ke nan duka biyun sun halatta.

Dalilin da ya sa gudu yake da muhimmanci shi ne rabon giyar. A wannan Hilux ɗin ƙaramar giya tana rage gudu da 2.28. Wato duk juyi ɗaya na furofela, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga akwati zuwa aksul, ɓangaren inji sai ya juya sau biyu da kwata da ɗan ɗoriya. In mota na tafiya da kilomita 30 ka nemi L4, kana so ne ɓangaren inji ya yi tsalle nan take zuwa gudun da yake yi a kusan kilomita 70. Ba haƙorin da zai yarda da wannan.

Tsohon Direban Gembu:
Littafi ya yi gaskiya, amma littafi bai hau Mambila ba. Ku saurara, don wannan maganar rai ce. Tsakanin H4 da L4 akwai N. Duk wanda zai shiga L4 sai ya ratsa ta N, kuma a wannan ɗan lokacin inji ba ya riƙe da mota ko kaɗan, ko da babbar giya tana lamba ɗaya. A fili irin na Gashuwa, in ta ƙi shiga ba komai, mota za ta tsaya da kanta. A kan gangara fa? Ka fitar da ita tana mirginawa, ta ƙi shiga L4, gudu ya ƙaru, ka nemi komawa H4 ita ma ta ƙi don gudun ya wuce. Ga kaya a baya, ga rami a gefe. Birki kaɗai ya rage maka, kuma wataƙila ya riga ya yi zafi.

Mu in za mu sauka gangarar Kogin Donga daga Gembu da damina, ko mu shiga hanyoyin ƙauye na bayan Nguroje, tun a saman tudu inda ƙasa ta daidaita ake tsayawa. A ja birkin hannu, a sa L4, a sa lamba ɗaya ko biyu, a ɗan matsa gaba taku biyar a tabbatar ta kama, sannan a fuskanci gangara. Daga nan ƙafarka ba ta da aiki a kan kuloci har ka sauka. Inji ne yake riƙe mota, tayu huɗu suna riƙe tare. Wanda ya taka kuloci a tsakiyar gangara mai santsi ya saki motarsa.

Direba daga Gashuwa:
Wannan kam na karɓa, Baba. A gangara ban isa in yi musu ba. Ni maganata a fili ce.

Manomin Saminaka:
Allah ya saka da alheri, na fara ganin haske. Amma akwai abin da ke damuna. Ko a H4 ɗin da ta shiga, yaran da ke tura mota sun ce tayun gaba ba su motsa ba ko kaɗan, na baya ne kawai ke watsa taɓo. Kuma fitilar tayu huɗu ta kama a dashbod.

Makanike a Panteka:
Fitilar nan ba ta san abin da ke faruwa a taya ba, Malam. Abin da take gaya maka kawai shi ne sanda ta motsa a cikin akwati. Ka sauka ka murɗa makullan da ke tsakiyar tayun gaba daga FREE zuwa LOCK?

Manomin Saminaka:
Na murɗa, Oga. Na hannun direba ya juya da sauƙi, na ɗaya gefen kuwa da ƙyar, sai da na sa filaya.

Makanike a Panteka:
To ga matsala ta biyu. Ina kyautata zaton wanda ka sa wa filaya bai kulle ba, murfin ne kawai ya juya. A cikin makullin akwai wani zobe mai haƙora da sifirin ke turawa ya haɗa taya da sandar aksul. In ya shekara ba a taɓa shi ba, giris ya bushe ya haɗu da ƙura ya zama kamar kwalta, sifirin ba zai iya tura shi ba. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: in ɗaya bai kulle ba, kamar duka biyun ba su kulle ba ne. Difaranshal ɗin gaba, wanda ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu, yana tura ƙarfi ne ta inda ya fi sauƙi, sai sandar gefen da bai kulle ba ta yi ta juyawa a banza a ciki, ɗaya tayar kuma ta zauna.

Gwajin ba ya buƙatar makanike. Sa sandar a H2, inda tayun baya kaɗai ke ja, kulle duka biyun, ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, ka juya ta da hannu wani ya leƙa ƙarƙashi. In furofelar gaba tana juyawa tare da tayar, lafiya. In ba ta juyawa, ɗaya daga cikinsu bai kama ba. Kwance murfin, wanke da kananzir, shafa giris kaɗan, shafawa kawai. Kada yaron gareji ya cika shi maƙil da giris mai kauri don neman lada, wannan ma hana shi motsi yake yi.

Af, kafin komai ma, leƙa ka tabbatar furofelar gaban tana nan. Ba wasa nake ba. Sau da yawa ana kawo mini akori-kura a ce ogzilari, wato giyar tayu huɗu, ba ta aiki, in shiga ƙarƙashi in tarar an cire furofelar tun a hannun mai ita na farko.

Mai Kai Kaya Kasuwar Dawanau:
Oga, ai cirewar tana da dalili. Ni na cire tawa, kuma na ga sauƙin shan gas. Wanda aikinsa a kwalta yake, me zai yi da ita?

Makanike a Panteka:
Alhaji, in motarka mai makulli ce a taya, ba abin da ka rage. Makulli na FREE, sanda na H2, furofelar gaba ba ta juyawa ko sau ɗaya, a kwance take kamar tana cikin shago. Amfanin makullin ke nan tun asali. In ka ga sauƙin gas bayan cirewa, to da can a LOCK kake yawo ba ka sani ba. Yanzu kuma ranar da ka shiga ƙauye ɗauko wake ruwa ya tare ka, sai ka tuna da ita.

Mai Kai Kaya Kasuwar Dawanau:
Zan duba. Tana nan a sito ai, ban sayar ba.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan kurabo muke ce ma wannan aiki na kama tayu huɗu, daga Faransanci. Ina so in tanka ma ɗan uwana na Gashuwa a kan rairayi, don nan ne gidanmu. Wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Dirku ya san ba giya ce ke hidda mota daga rairayi ba, iskar taya ce. Kahin mu shiga Tenere muna sauke iska zuwa kilo ɗaya da ɗigo biyu, ku a gejinku wajen 17 ke nan. Taya ta shimhiɗe ta yi tsawo a ƙasa kamar tahin raƙumi. Sannan tahiyar asuba, rairayi na da sanyi yana da ƙarhi. In rana ta take ya yi laushi kamar gari.

L4 lamba ɗaya a rairayi, a'a. Ƙarhi ya yi yawa, ka taɓa totur kaɗan taya ta juya ta binne kanta har aksul. In hili ne mai tsawo H4 muke bi da gudu. In mota ta yi nauyi ko wurin ya yi laushi sosai, L4 amma lamba biyu ake tashi, a wuce uku. In ta kahe kuma, ka ɗauke ƙahwa daga totur nan take. Ka sauka, ka share gaban tayu, ka sa hwarantan ƙarhe, ka koma baya ta kan sawunka da ka riga ka danne.

Direba daga Gashuwa:
Ɗan uwa, bakinmu ɗaya a kan iska. Amma ni ban ga amfanin L4 a rairayi ba sam. H4 lamba ɗaya ta ishe ni.

Ɗalibin Injiniya, Zariya:
Yaya, lissafi yana bayan na Agadas. Lamba ɗaya a wannan giyabos wajen 3.9 ce. A L4 ta koma kusan 9. Amma ka duba tsakiya: lamba ɗaya ta H4 tana faɗawa ne tsakanin lamba biyu da lamba uku na L4. Ke nan in kana H4 lamba ɗaya inji ya fara nishi, ba ka da inda za ka sauka, sai ka fara wasa da kuloci. Wanda ke L4 lamba uku kuwa yana tafiya da kusan gudunka, amma yana da matakai biyu a ƙarƙashinsa. Kuma daga ɗaya zuwa biyu a H4 tazara ce babba, kafin ka canza rairayi ya cinye gudun.

Direba daga Gashuwa:
Maganar wasa da kuloci ta taɓa ni. Faranti biyu na canza a shekara ɗaya da rabi. Zan gwada yadda kuka ce in na shiga Tulo-Tulo.

Hajiya Mai Shinkafa, Haɗeja:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa tsohuwar Tacoma ce 'yar Amurka, mai canza giya da kanta, ba ta da kuloci. Ita ma tana da ƙaramar sandar. Direbana ya ce in yana son L4 sai ya sa babbar giya a P, amma wani lokaci ta ƙi, wani lokaci ta yi ƙara. Mu kuma fadama muke shiga kullum da damina. Yaya abin yake a irin tamu?

Makanike a Panteka:
Hajiya, barka da yamma. Ki gaya masa N ake sawa, ba P ba. Ya tsaya, ƙafa a kan birki, babbar giya a N, sannan ya tura ƙaramar sanda zuwa L4 a tashi ɗaya, kada ya tsaya hutawa a tsakiya. A irin waɗannan motoci ko a N man giya yana ɗan jan ƙarfen ciki, in ya daɗe a tsakiya sai ya ɗauki gudu, daga nan sai ƙara. In hakan ta faru kada ya yi dambe da ita, ya kashe inji ya tura, kamar yadda Baba ya faɗa.

Ga gargaɗi kuma, ki tabbatar ya ji shi da kunnensa. In ƙaramar sanda tana N, to P ba ta riƙe mota. Makullin P yana cikin babbar giya ne, ƙaramar kuwa ta raba tayu da babbar giyar. Mutum zai ga P a gabansa ya fita ya bar mota, ta gangara. Birkin hannu dole ne.

Hajiya Mai Shinkafa, Haɗeja:
Innalillahi. Wannan ban taɓa ji ba, kuma yara suna wasa a inda muke ajiye ta. Na gode Oga, yau zan zaunar da shi.

Mai Kai Kaya Kasuwar Dawanau:
Ina da wata tambayar. Wani abokina in zai ja tirela ƙarama da baya a cikin kasuwa, ko zai hau tudun sito da kaya, yana sa L4 amma ya bar makullan taya a FREE. Ya ce hakan ya fi. Daidai ne?

Tsohon Direban Gembu:
Ni ban yarda da shi ba. Ƙarfin da aka yi don aksul biyu su raba, ka ɗora wa na baya shi kaɗai. Haka ake karya sandar aksul.

Makanike a Panteka:
Baba, a wannan karon zan tsaya tsakiya. Ƙarfin ya ninka fiye da sau biyu, kuma duka a baya yake sauka, wannan haka ne. In mutum ya cika kaya ya taka totur da zafin rai, zai iya karya wani abu. Amma wanda zai yi ribas a hankali a kan siminti, ƙafarsa ba ta kan totur, inji na sulo yana tafiya da kansa, wannan ya fi masa alheri da ya ƙona kuloci a H2. Kuma ya fi ya kulle tayu huɗu a kan busasshiyar ƙasa mai tauri.

Tunda maganar ta zo, bari in faɗa wa mai tambaya ta farko, don shi ma zai gamu da ita. Wannan akwatin ba shi da difaranshal a tsakiya. In ka sa H4 ko L4, furofelar gaba da ta baya sun zama abu ɗaya, dole su juya daidai. Amma in ka sha kwana, tayun gaba suna zagaye mai faɗi, na baya suna yanke. A taɓo ko yashi taya takan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kwalta ba inda zai tafi, sai ya taru a cikin ƙarafa kamar igiyar da ake murɗawa. Sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sannan ka nemi komawa H2 sanda ta ƙi fita. In ka ji haka, miƙe sitiyari, yi baya taku goma zuwa ashirin kana dafe da sandar, za ta saki. Da ka fito daga kwarin nan ka hau hanya mai tauri, mayar da ita H2.

Tsohon Direban Gembu:
To, a hankali a kan siminti na yarda. Amma samarin yanzu da za ka ce musu a hankali? Ni dai yarana ban koya musu ba.

Manomin Saminaka:
Oga, maganar tayu ta tuna mini. Na baya 7.50R16 ne, na sa su don kaya. Na gaba kuwa 205R16 da na tarar a motar. Akwai laifi?

Makanike a Panteka:
Babba ma. Tsaya su kusa da juna ka gani, na bayan sun fi tsawo da wajen yatsu huɗu. A H2 ba ruwan kowa. Amma ranar da makullanka suka gyaru tayu huɗu suka kama, ko a miƙe kake tafiya gaba da baya za su riƙa faɗa da juna, don juyi ɗaya na babbar taya ya fi na ƙarama nisa. A cikin taɓo za ta wuce, amma da ka taka ƙasa mai ƙarfi sanda za ta maƙale. Ka nemi biyu irin na baya ka sa a gaba. Ko na hannu ne, in dai girmansu ɗaya kuma cinyewarsu ta yi kusa.

Kuma in kana L4 a cikin kwari, kada ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka taka totur. A cikin ƙullin da ke bayan kowace tayar gaba akwai gaɓa mai ƙwallaye, lokacin da ta lanƙwashe ne ta fi rauni. Miƙe tayu tukuna sannan ka ba ta wuta.

Ɗan Agadas:
Kuma ya duba man akwatin. Mu ƙura ke kashe mu, ku ruwa.

Makanike a Panteka:
Madalla da wannan tuni. Malam, tunda motar ta zauna a cikin ruwa, duba man. Ka fara kwance notin sama na zubawa kafin na ƙasa na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwancewa. Sa yatsa, man ya kamata ya kai bakin ramin. In ka ga ya yi fari kamar koko da madara, ruwa ya shiga, zubar da shi ka sa sabon man giya 80W-90 ko 75W-90, galan ƙarami ya ishe ka da saura. Duba na difaranshal ɗin gaba da na baya ma. Sannan daga yanzu, ko da rani ne, duk wata ka kulle tayu ka sa H4 a hanyar gona ka yi 'yan kilomitoci, ka shiga L4 ka fita sau biyu. Zama ne ya kashe makullin nan naka.

Manomin Saminaka:
Jama'a na dawo da labari, kwana uku ke nan. Kofin man kuloci ya kusa ƙafewa, ƙaramin famfon na ƙasa yana yoyo kamar yadda Oga ya ce. An canza robobi an fitar da iska. Yanzu ribas tana shiga shiru, L4 ma da yatsu biyu nake tura ta. Sau ɗaya ta ci karo, na sa lamba ɗaya na ɗan saki kuloci kaɗan na sake takawa, ta faɗa. Makullin gefen fasinja da muka buɗe, giris ɗin ciki ya daskare kamar sabulun solo, mun wanke mun mayar, gwajin jak ya yi. Man akwati bai yi fari ba amma ya yi ƙasa, na canza shi. Ba a sauke komai ba.

Jiya na koma kwarin da buhu goma. Na tsaya tun kan tudu kamar yadda Baba ya ce, na kulle tayu, na sa L4 lamba biyu, na ratsa ba tare da na taɓa kuloci ba. Da na hau busasshiyar hanya sandar ta ƙi komawa H2 sai da na yi baya, na san tayun nan ne. Allah ya biya ku, ya ƙara wa Baba lafiya.

Tsohon Direban Gembu:
Amin ɗana. In ruwa ya ƙara cika kwarin, ka sauka ka taka shi da ƙafa da sanda kafin ka sa mota, ka san inda ramin yake.

Makanike a Panteka:
Alhamdu lillahi. Tayun gaban fa, yaushe?

Manomin Saminaka:
Ranar kasuwa in sha Allahu, Oga. Na riga na yi magana da mai taya ya ajiye mini 7.50 guda biyu.